Darasin lissafi na yamma a Sabon Gari

Ɗiyata tana lise, kuma tun farkon shekara lissafin adadi biyu masu tafiyar saɓani yake ɗaure mata kai, wato idan ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Shi ya sa na kai ta wurin wani mushe da ke koyarwa a zauren gidansa nan Sabon Gari, bayan la'asar, jaka biyar a wata.

Abin da ya burge ni, da ruwa ya fara, abin da duk ɗan Damagaram ya san zafinsa. Tano ɗaya yana kai mutum 5 kwana 4, to mutum 10 fa? Kwana 2. Ya sa ɗaliban su ninka mutane da kwanaki, kullum 20 ke fitowa, sannan ya rubuta xy = k a allo, wato x mutane, y kwanaki, k kuma 20 ɗin da ba ya canzawa. Yarinyar da kanta ta bayyana mini wannan a tsakar gida, tana nuna tanonmu.

Lissafin haɗin gwiwa kuwa, wato inda adadi ɗaya ke hawa tare da wasu biyu, da bulo ya koyar. Ma'aikata 3 a kwana 4 sun buga 1200, ke nan kowane 100 a rana, don haka 5 a kwana 6 za su buga 3000, wato z = kxy: z bulo, x ma'aikata, y kwanaki, k kuma 100 ɗin nan. A nan ya ɗan yi sauri, a ganina, kuma aikin gida bai isa ba.

Zauren ya yi ƙanƙanta, ga zafi, kuma in wuta ta ɗauke kafin magariba allon ba ya ganuwa sosai. Na biya kuɗin wata mai zuwa, na roƙe shi ya ƙara musu atisaye a kan na bulon.