Batir ne ya gaji, ko wani abu ke satar wutarsa?

Wani ɗan uwanmu daga Tawa ya ce tun da aka sa wa Corolla ɗinsa rediyon Android da ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, in ta kwana biyu ba a tayar ba sai an tura. Mai sayar da batir ya ce batir ya mutu, mai gyaran wutar mota ya ce haɗin waya ne. Wa zai bi?

Ɗan uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Ciwon biyu sun yi kama, amma ba halinsu ɗaya ba. Batirin da ya gaji ba ya riƙe caji ko an raba shi da mota. Wanda ake yi wa sata kuwa, da zarar ka yanke shi daga jikin motar sai ya zauna da ƙarfinsa. Don haka ka cika shi da caji, ka kwance kan batir mai alamar ragi, ka bar shi ya huta ƴan awoyi, ka auna da mitar awon wuta. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna volt 12.6. Bayan kwana biyu ka sake aunawa. In yana nan kusa da inda ka bar shi, ɓarawon yana cikin mota. In ya sauko 12.2 ko ƙasa alhali babu abin da ke jone da shi, mai batir ya yi gaskiya.

Akwai kuma yadda kowanne ke zuwa. Gajiyar batir a hankali take shigowa: yau inji ya juya da nauyi, gobe ya ƙara nauyi. Zafin Afirilu da Mayu a nan, da ke haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir ya rage masa kwana. Sata ita lokaci guda take farawa, kuma naka ya fara ne daga ranar da aka sa rediyo. Shi ya sa ni na fi karkata ga mai gyaran wuta.

Ga yadda za ku kama ɓarawon. A kashe mota, a zare makulli, a danne maƙalar ƙofa da sukudireba don fitilar ciki ta mutu. A juya mita zuwa awon amfiya, wato yawan wutar da ake ja, jar wayarta a ramin 10A, a sa ta tsakanin kan batir na ragi da wayar da aka kwance. A jira kamar minti 30, domin kwamfutocin mota ba sa barci nan take. Kada a kuskura a tayar da inji mita tana haɗe haka, za ta ƙone. Mota mai lafiya tana shan miliamfiya 20 zuwa 50 a barcinta (miliamfiya 1,000 ne amfiya ɗaya). In kun ga 500, yi lissafi da kanka: rabin amfiya sau awa 24, amfiya-awa 12 ke nan kowace rana, daga batir mai ɗaukar 60. Kwana uku, an sha fiye da rabinsa. Sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi.

A nan ne da yawa ke ɓata rana a banza. Ampili galibi daga kan batir ake jawo masa wayarsa mai kauri, da nasa fiyus daban, bai bi ta akwatin fiyus ɗin motar ba. Ka zare duka na akwatin, lambar ba za ta motsa ba. Fara da fiyus ɗin ampilin. In shi ma an cire shi lambar tana nan, a duba dinamo mai caja batir, don diyod ɗinsa, abin da ke hana wuta komawa baya, in ya lalace yana tsotsar wuta mota na tsaye. Da inji a kunne ya kamata kan batir ya nuna volt 13.8 zuwa 14.4.

Rediyon kuma ka sa a zaro shi ka ga wayoyin bayansa da idonka. Rawayar waya ita ce mai wuta kullum, don riƙe agogo da tashoshi. Ja ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Masu gaggawa sukan murɗe su biyun wuri guda su naɗe da salatif, rediyo ya yi duhu a fuska amma cikinsa bai kwanta ba. Shuɗiya mai ratsin fari ita ke gaya wa ampili ya kunnu ko ya mutu. In an jona ta ga wuta ta kullum, ampili kwana yake a kunne. Taɓa shi da asuba kafin a tayar da mota. In da ɗumi, ka samu mai laifi.

Abin da ke damuna shi ne mai batir da mai gyaran wuta na iya yin gaskiya tare. Batirin mota ba ya jure a zuƙe shi ƙarƙaf sau da yawa, kowace mutuwa tana rage masa ƙarfi. In ka sa sabo a kan tsohon haɗi, shi ma hanyar zai bi. A raba ja da rawaya, a mayar da shuɗiyar wurinta, a sake awo har lambar ta sauko ƙasa da 50, sannan a cika tsohon batirin a ga ko zai riƙe.