Shagon Oga ko Kwalejin Fasaha: Ina Za a Kai Yaron da Yake Son Kafinta?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ɗanka ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, ransa yana wajen aikin katako, kana neman shawara ko ka damƙa shi hannun wani oga a shago, ko ka nema masa kwalejin fasaha. Allah ya yi wa yaron albarka, kai ma Allah ya saka maka da ba ka kashe masa gwiwa ba. Sana'a ce mai asali: ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, kafinta ne.

Ni dai ra'ayina, kada ka ɗauki ɗaya ka yar da ɗaya, don abin da kowanne yake bayarwa daban ne. Bari in jera maka su ka gani da kanka.

A wajen sabon hannu, shago ya yi wa kwaleji nisa. Yaron shago yakan fara ne da shara, da aike, da zare tsofaffin ƙusoshi yana miƙar da su, sai gugar sanfefa har yatsunsa su yi kanta. Iyaye da yawa suna ganin wannan ɓata lokaci ne, amma a nan hannu yake sanin katako, ya gane inda ya yi sumul da inda ya rage ko da idonsa a rufe. Idan aka shiga lokacin bukukuwa, ko Sallah ta matso, gadaje da sif da kujerun da za su bi ta hannunsa a 'yan makonni sun fi abin da ɗan kwaleji zai taɓa a shekara. Shi ɗan kwaleji shekara 3 zai yi, kuma lokacinsa a rabe yake tsakanin Turanci da lissafi da kimiyya da zane da ɗakin aiki. Inda makarantar ba ta samun katako da wuta yadda ya kamata, sai ka tarar ya gama yana iya bayanin haɗi iri-iri a takarda, amma in ka miƙa masa zarto ya yanka falanki, layin ya karkace.

Sai dai akwai abin da hannu kaɗai ba ya koyarwa, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Yawancin katakon da ake sayarwa a Na'ibawa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar Katako ta Jos, daga dazuzzukan kudu da na Taraba ake kawo shi, kuma sau da yawa da ruwansa yake isowa. Ka ɗaga falankin ka ji nauyi, ka ɗora tafin hannu ka ji sanyi. A yi tebur da shi a watan Agusta, a yi masa fenti yana ƙyalli, mai shi ya ɗauka yana murna. Da hunturu ya kama, iska ta bushe, sai ka ga tsakanin falanki da falanki ya buɗe har ana hango ƙasa, ƙofar sif ta bankare ta ƙi rufuwa, ƙafar kujera ta fara rawa. Mai kaya ya ce an cuce shi, kafinta ya ce katakon ne ba shi da kyau.

Dalilin kuwa sananne ne. Katako yana shan laima yana fitar da ita muddin yana nan, kuma idan zai tsuke ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Wanda ya san haka ba zai yanka ɗanyen katako ba. Zai jera shi a inuwa, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya sa 'yan siraran itace tsakanin kowane falanki da na samansa don iska ta ratsa, har ruwan jikinsa ya sauko wajen kashi 12 cikin 100, ko ƙasa da haka a irin busasshiyar ƙasarmu. In zai yi ƙofa, allon tsakiya zai zura shi cikin kwarmin da ya fafe a jikin firam ba tare da ya shafa gam ba, ya bar masa wurin motsi. In zai haɗa ƙafar tebur, zai fafe rami a wannan, ya fitar da harshe a bakin wancan, kaurin harshen kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon, su shige juna cif. Wannan duk yana cikin abin da ake karantarwa a kwaleji, da dalilinsa. Tsofaffin ogogi na ƙwarai ma sun san shi sarai, wasu sun fi malamin aji sani, amma kaɗan ne suke zama su yi wa yaro bayani. Abin da za a ce masa shi ne "haka ake yi". Ranar da ya gamu da aikin da bai taɓa ganin ogansa ya yi ba, sai ya tsaya cak.

Haka zancen awo da zane. Kasuwar kayan ɗaki ta sauya. Yau uwar amarya hoto za ta nuna maka a waya ta ce irin wannan take so, mai sabon gida kuma kabad ɗin kicin yake nema da zai zauna daidai bango zuwa bango. Yawancin irin wannan aiki da allon MDF ake yi, allon da ake haɗawa da niƙaƙƙen katako da gam, mai ƙafa 4 a faɗi da 8 a tsawo, wato milimita 1220 da 2440, kuma ba shi da araha. Yaron da ya iya zama da fensir ya fitar da jerin yanka, ya tsara yadda kowane gutsure zai fita daga allo ɗaya ba tare da asara ba, ya riga ya ci riba tun bai kunna inji ba. Ya san in ya haɗa akwatin sif zai auna daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sake auna ɗaya ɓangaren, in awon biyu bai zo ɗaya ba to akwatin a karkace yake ko da ido bai nuna ba. Manyan ayyuka na kamfanoni da makarantu da otal da zane suke zuwa, a milimita. Kafintan da inci kaɗai ya sani, kuma bai iya karanta zane ba, ƙarshenta shi ne zai yi aikin, wani ya karɓi kwangilar.

Idan aka zo kasuwa kuwa, kwaleji ba ta da ta cewa. Babu ajin da zai koya wa yaro shiga 'yan katako ya bambance madaci da doka, ya gane malaina da aka shafa wa kala, ya ɗaga tu-bai-fo ya kanne ido ɗaya ya duba ko ya lanƙwashe, ya ga hujin ƙwaro tun kafin ya biya. Babu darasin da zai nuna masa yadda ake ciniki da dangin amarya da suka zo su biyar kowa da ra'ayinta, ko yadda ake yanke farashi a lissafa katako da soso da yadi da fenti da kuɗin mota da ladan yara. Yaron da ya tashi a Gandun Albasa a Kano ko Panteka a Kaduna yana jin wannan kullum, yana shiga jikinsa. Kuma ranar da aka yaye shi, ya san dillalai, ya san mai injin yanka, ya san masu saye.

Amma shago yana koyar da mugun hali kamar yadda yake koyar da nagari, kuma wannan shi ya fi damuna. Kujerar kushin rufin asiri gare ta: abin da ke ƙarƙashin yadi mai saye ba ya gani. Akwai masu haɗa ƙashinta da ragowar katako mai tsagu, su cika ƙusa, su ɗora soso marar nauyi, su lulluɓe da yadi mai ɗaukar ido. Wata shida ta zauna. Akwai kuma cin kuɗin kafin alƙalami, a karɓi na wannan a ƙarasa aikin wancan, ranar jere ta zo gado bai haɗu ba, a kashe waya. Yaron da ya ga ogansa yana haka zai ɗauka ita ce sana'ar. Sunan kafintoci da ya ɓaci a bakin mutane wajen saɓa alkawari, a irin waɗannan shagunan ake gadonsa.

Ga kuma lafiyarsa. A kwaleji, kafin a bar ɗalibi ya kusanci inji sai an karantar da shi ƙa'idojin kariya. A shaguna da yawa an cire murfin injin yanka an ajiye wai yana rage sauri, ana tura katako da hannu tsirara har bakin haƙora. Kafintoci nawa ka sani da yatsunsu ba su cika ba? Ƙurar MDF ba ta zama ɗaya da garin katako ba, akwai sinadarin gam a cikinta mai cutar da ƙirji, haka ma feshin fenti da tina a ɗaki rufe ba takunkumi. Sannan sholisho da ake manna soso da shi kayan aiki ne a kowane shagon kushin, ka kuma san abin da wasu yara suke yi da shi. Uba ya kamata ya san da wa ɗansa yake wuni.

Batun takarda ba shi da tsawo. Ɗan kwaleji zai zana jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci da aka kafa a 1992 mai hedikwata a Benin, ya fito da shaidar NTC, wato takardar kammala kwalejin fasaha, a fannin haɗa kayan ɗaki ko aikin kafinta na gini, kuma da ita zai iya neman foliteknik ko jami'a in sakamakon ya yi kyau. Ɗan shago ma ƙofa ba ta rufe masa ba. Akwai gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, mataki na 3 da na 2 da na 1. Akwai kuma tsarin NSQ na shaidar ƙwarewar sana'a a ƙarƙashin NBTE, hukumar ilimin fasaha da aka kafa a 1977, inda ake gwada abin da mutum ya riga ya iya a ba shi shaida. Bambancin shi ne ɗan shago sai ya tashi ya nema da kansa, kuma yawanci ba wanda yake gaya masa. Ta fuskar kuɗi, shago ya fi sauƙi, don yaro zai riƙa samun na abinci da na sabulu tun da wuri, kwaleji kuwa kai za ka ci gaba da ɗawainiya.

To, da ɗana ne mai waɗannan shekaru, kwaleji zan kai shi, in kuma haɗa shi da oga. In jeka-ka-dawo ce, ya je shago da yamma da ranar Asabar. In ta kwana ce, duk hutu a shago zai yi shi. Dalilina, shago yana nan ko yaushe, ɗan shekara 20 ma zai iya shiga, amma yaron da ya bar aji yana ɗan 15 ya fara jin ɗumin kuɗi a aljihu da wuya ya koma ya zauna koyon lissafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kuwa hali bai ba da damar haɗa biyun ba, oga nagari ya fi kwalejin da ɗakin aikinta yake kulle, kwaleji mai aiki kuma ta fi ogan banza nesa ba kusa ba.

Don haka ka taka da ƙafarka, gani ya kori ji. In ka je kwalejin, kada ka tsaya a ofis. Ka ce a nuna maka ɗakin aiki. Ka duba ƙasa ko akwai garin katako sabo, ka duba injina ko tsatsa ta cinye su, ka nemi ganin abin da 'yan ajin ƙarshe suka haɗa da hannunsu, ka ja durowarsa ka ji ko tana tafiya sumul. In ka je shagon, ka bar kallon kayan da aka jera a bakin titi. Ka shiga ciki inda ƙashin kujera yake tsirara kafin a sa masa yadi, ka girgiza shi. Ka leƙa bayan sif. Ka tambayi ogan yara nawa ya yaye, ina shagunansu suke, sannan ka je ka gaisa da ɗaya daga cikinsu. Ka tambayi maƙwabta ko ana yawan zuwa rigimar alkawari a ƙofarsa.

In kun daidaita, a yi magana a gaban shaidu: shekara nawa zai yi, ba aikin gidan oga aka kawo shi ba, ba zai taɓa inji ba sai an koya masa, kuma za a bar shi ya yi salla a kan lokaci ya je islamiyya. Ka saya masa kayan aikinsa na kansa ko da kaɗan ne, tef da sikwaya da guduma da zarto da kurfi biyu da dutsen washi, da gilashin kare ido da takunkumi. Yaron da yake da nasa kayan ya fi saurin samun a miƙa masa aiki, kuma washin kurfi da kansa shi ne darasin da zai fara da shi.

Abu ɗaya ya rage da ya kamata ka tambaye shi kafin ka je ko'ina. Kafinta suna ne ɗaya amma hanya uku ce: akwai mai rufin gini da ƙofofi, akwai mai gado da sif da kabad, akwai mai kushin. Ogan da ya ƙware a ɗaya ba lallai ya iya sauran ba, a kwaleji ma fanni daban-daban ne. Ka zagaya da shi wuraren uku a rana ɗaya, ka lura da inda ya fi daɗewa a tsaye yana tambaya, sai ka nemi ogan wannan fannin.