An yi wa kyamarar gida kutse: a wanke ta a ci gaba, ko a cire a sa wata?

Hajiya, sannu da wannan tashin hankali, Allah ya kiyaye gaba. Ga waɗanda tambayar ta wuce su: kyamarar da ke falonta, irin mai juya kai ɗin nan da ake kallo ta waya, ta fara juyawa da kanta cikin dare, rannan kuma yara suka ji muryar wani namiji tana fitowa daga cikinta. Ta zare ta daga wuta. Tana so ta san wanne ya fi, a mayar da ita saitin kamfani a canza kalmar sirri a ci gaba da amfani, ko a sayi sabuwa, wataƙila ma irin mai waya, wato igiya, da akwatin naɗa hoto.

Zarewar da kika yi daidai ne, ki bar ta a zare tukuna. Amma kafin ki danna komai, ki shiga manhajar ki ɗauki hoton wurare biyu: jerin wayoyin da suka shiga asusun, idan tana nunawa, da jerin mutanen da aka raba wa kallon kyamarar. Ki ciro memorin ki adana. Mayar da saiti yana share sawu, kuma sawun nan shi zai gaya miki wacce hanya ce taki cikin biyun. In har abin ya kai gaban hukuma, shi ne hujjarki, domin shiga na'urar wani ba izini laifi ne a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015.

Dalilin da ya sa na fara da sawu shi ne, hanyoyin nan biyu ba cuta ɗaya suke magani ba. Sai an san ta inda ɓarawon ya shigo.

Mafi yawan lokaci ba kyamarar aka fasa ba, mabuɗin aka tsinta. A watan Disamba na 2019, a jihar Misisipi ta Amurka, wani mutum ya yi ta magana da yarinya 'yar shekara 8 ta kyamarar Ring da iyayenta suka sa a ɗakin kwananta, har yana ce mata shi ne Baban Kirsimeti. Kamfanin ya ce ba rumbunsa aka fasa ba, kalmomin sirri ne da suka zube daga wasu shafuka, masu kutse suka zo suka gwada su a nan, suka buɗe. A watan Fabrairun 2020 ya tilasta wa kowa makulli na biyu, wato lambar da ake turowa duk lokacin da za a shiga. Idan irin wannan ne ya same ki, wato kalmar da kike buɗe imel da Facebook ita ce dai ta kyamara, to wankewa ta isa. Sayen sabuwa kuma asarar kuɗi ce, domin za ki haɗa ta da tsohon imel da tsohuwar kalma, a wayi gari an kashe maciji ba a sare kansa ba. Akwai shafin Have I Been Pwned, kyauta ne, ki sa adireshin imel ɗinki zai gaya miki ko yana cikin bayanan da aka san sun zube.

A wajenmu akwai wata ƙofa da ta fi wannan faɗi, ba a kuma cika son maganarta ba: wanda ya haɗa kyamarar. Yaro ya zo da tsani da dirilarsa, ya ɗaura, ya buɗe asusu da lambar wayarsa saboda sauri, sannan ya raba wa maigida kallo. Kin ga ke nan shi ne mai kyamarar, ku 'yan kallo ne a gidanku. Na taɓa zuwa duba ta wani ɗan'uwana da ke ƙorafin tana haskawa da daddare. Muka buɗe jerin waɗanda aka raba wa, sai ga sunaye huɗu: nasa, na matarsa, na mai haɗawar, da wata lamba da duk gidan babu wanda ya san ta. Shekara biyu ke nan da ɗaurawa. Ba ina cewa masu sana'ar duk haka suke ba, galibinsu ma sun manta da asusun. Amma waya tana ɓata, ana sayar da ita, yaron shago yana ɗauka. A nan ma wankewa ce magani, da sharaɗi guda: a kwance kyamarar daga tsohon asusun. Kyamarori da yawa danna maɓallin baya ba ya kwance wannan ɗaurin, sai mai asusun ya cire ta da hannunsa, ko kamfani ya cire bayan an nuna shaidar saye. In ya ƙi, ko an neme shi an rasa, kin faɗa layin masu sayen sabuwa ba don kina so ba.

Ƙofa ta uku ita ce wadda wanki ba ya kaiwa, wato ɓarakar da ke cikin manhajar da kyamarar ta zo da ita daga masana'anta. A nan ya kamata a daɗe.

A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa zagaya intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar na'urori da sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni ke sakawa tun daga masana'anta, irin su admin da 12345. Ta kama dubban ɗaruruwa, akasarinsu kyamarori da akwatunan naɗa hoto da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka yi amfani da su aka kai wa kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafuka da adireshinsu na intanet, hari, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ɗauke wa mutane da yawa a Amurka. Abin da ya shafe ki a labarin shi ne na'urorin wani kamfanin China, Xiongmai, wanda ke ƙera kayan ciki yana sayar wa masu buga nasu sunan a kwali. Na'urorin suna da wata ƙofar baya mai kalmar sirri xc3511, kuma ko mai gida ya canza kalmarsa a shafin saiti, waccan tana nan daram. Ka kashe ka kunna, cutar ta fita, cikin 'yan mintuna ta dawo.

Wani zai ce ai mu yawancinmu da layin waya muke hawa intanet, MiFi ko rauta mai sim, kuma a irin wannan haɗin ba a cika iya ƙwanƙwaso gida kai tsaye daga waje ba. Gaskiya ne. Shi ya sa ƙananan kyamarorin nan suke bi ta wata hanya: kyamarar ce ke kiran rumbun kamfani da kanta, wayarki ta same ta da lambar da ke manne a jikinta. A 2019 wani mai bincike, Paul Marrapese, ya nuna cewa wani tsari irin wannan mai suna iLnkP2P, wanda ke cikin na'urori sama da miliyan 2 masu sunaye barkatai, ana iya cankar lambobinsa bi da bi, kuma bayanan suna tafiya tsirara ba a kulle ba. Shawarar da ya bayar ita ce a rabu da su. Ko kamfani mai suna ma yana yar da tsohon kayansa: kamfanin tsaro na Bitdefender ya sanar da kamfanin kyamara na Wyze wata ɓaraka tun 2019, samfurin farko na Wyze Cam bai samu cikakken gyara ba har aka daina kula da shi a farkon 2022.

Ki kwatanta da Hikvision. A 2021 an gano wata babbar ɓaraka a kyamarorinsu da yawa, wadda ke ba mai kutse iko ba tare da kalmar sirri ba. Mummuna ce ƙwarai, amma kamfanin ya fitar da gyara. Wanda ya sabunta ya toshe, wanda bai sabunta ba yana nan a buɗe. To wannan shi ne ma'aunin da nake amfani da shi: juya kyamarar ki karanta sunan kamfani da lambar samfuri, ki nemi shafinsu, ki duba ko suna fitar da sabuntawa ga wannan samfurin har yanzu. In akwai, tana wankuwa. In kuwa irin mai kama da ƙwan fitila ce, kwalinta ba adireshi, sunan da ke jikinta daban da na manhajarta, to babu wanda zai taɓa turo mata gyara. Araha ba ta ado. Cire ta.

Yanzu batun akwati mai waya, tunda kin ambata shi. Fifikonsa a fili yake: hoton yana zama a gidanki, ba kuɗin wata-wata, ba ya cin data, kuma idan ba a soka masa igiyar intanet ba, babu wani mai kutse daga nesa da zai kai gare shi. Kyamarar da ke dogara da rumbun kamfani kuwa, amanarki tana hannun mutanen da ba ki taɓa gani ba. A 2023 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sa Ring biyan dala miliyan 5.8, cikin zarge-zargen har da cewa wani ma'aikacinsu ya kalli dubban bidiyon mata a ɗakunan kwana da banɗaki. A Fabrairun 2024 kuma Wyze ya amsa cewa kimanin mutum 13,000 sun ga hotuna daga kyamarorin gidajen da ba nasu ba. Babu kalmar sirrin da za ta kare mutum daga wannan.

Sai dai kada a yaudare ki cewa mai waya ba ya kutsuwa. Ranar da kika ce kina son ganin gida daga kasuwa ko daga Makka, aka haɗa akwatin da rauta, ya zama daidai da ƙaramar, kuma ki tuna akwatuna ne suka cika rundunar Mirai. Ga tsada, ga fasa bango da jan waya, ga wuta: ba inbata ko sola, da an ɗauke shi ma ya kwanta. Ɓarawon da ya san aikinsa kuma akwatin yake fara nema, ya tafi da shi da hujjar gaba ɗaya, don haka ba a ajiye shi ƙarƙashin talabijin.

Idan wankewar ce ta dace da ke, jerin yana da muhimmanci, kada a yi kitso da ƙwarƙwata. Imel za a fara da shi, domin duk wanda ke riƙe da shi zai iya sake karɓe asusun kyamara ta hanyar cewa ya manta kalmar sirri. Sabuwar kalma mai tsawo, wadda ba sunan ɗa ba ce ba kuma lambar waya ba, sannan makulli na biyu. Daga nan asusun kyamara, da tasa kalmar daban, a fitar da duk wayoyin da ke ciki, a goge jerin rabawa. Sai rauta: kalmar wayifai da kalmar shiga saitinta, abu biyu ne daban, kuma ta biyun a gidaje da yawa har yau admin ce. A kashe UPnP, wanda ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa, a share duk wata ƙofa da aka buɗe da hannu. Bayan duk wannan ne za a mayar da kyamarar wuta, a sa tsinken cire sim a ɗan ramin da ke bayanta a danne har ta yi ƙara ko fitilarta ta canza, a haɗa ta, a sabunta manhajar cikinta nan take. Idan rautar tana da layin baƙi, wato wayifai na daban da ake ware wa baƙi, a ɗora kyamarar a kansa ita kaɗai, don kada ta riƙa ganin wayoyi da kwamfutar gidan. Aikin bai fi awa ɗaya ba, kuma ke za ki rubuta kalmomin da hannunki, ko da mai haɗawa yana tsaye.

Ni dai da gidana ne, ga yadda zan yi. Wadda aka riga aka ji murya a cikinta, ko ta wanku, ba za ta koma falo ba. Mata suna zama a falo ba mayafi, yara suna fitowa daga wanka, ga makirfo yana ɗaukar duk hirar gida. In mai suna ce, in wanke ta in mayar da ita zaure ko bakin get tana kallon waje, in kashe makirfon. In marar asali ce, in ciro memori in fasa ta kafin in jefar, domin kalmar wayifai ɗin gidan tana ajiye a cikinta. Ki turo hoton takardar da ke manne a ƙasanta, amma ki rufe lambar QR da lambar na'urar da yatsa kafin ki ɗauka, suna da samfuri kawai muke buƙata mu duba miki.