Kano zuwa Jidda: lissafin shafi daban, abin da jirgi ya yi daban

Ni ake ɗora wa shirin tafiya a gidanmu, musamman idan tsofaffi za su Umra, don haka na daɗe ina amfani da shafukan nan masu lissafa nisa tsakanin filayen jirgi. Ka saka KAN (Kano), ka saka JED (Jidda), nan take su ce maka kilomita 3,400 da ɗoriya, tafiyar awa huɗu da wani abu. Lissafin ba ƙarya ba ne. Miƙaƙƙen layi suka ja daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz, suka raba da gudun jirgi, wajen kilomita 850 a awa. Matsalar ita ce wannan layi ta kan Chadi da Sudan ya ratsa, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage suka koma kewaye sararin samaniyar ƙasar. Maniyyatan shekarar 2023 sun san yadda tafiyar ta ƙaru. Shafin da nake dubawa bai ma san an yi ba.

Shi ya sa na koma Flightradar24. Ita wannan manhaja ba hasashe take yi maka ba, abin da jirgin ya yi take nunawa. Ka rubuta lambar jirgin da ke kan tikiti, sai ta kawo maka tafiye-tafiyensa na kwanakin baya: ƙarfe nawa aka ce zai tashi, ƙarfe nawa ya tashi, ta ina ya bi, yaushe ya sauka. Nan ne amfaninta yake a wurina. Idan ka ga jirgi ya saba makara, ka san yadda za ka shirya wa Hajiya abinci da maganinta. Wanda zai tarye ta a Jidda kuma yana kallon jirgin a wayarsa, ba sai ya je ya yi ta zaman jira ba.

Wani lokaci jirgi kan ɓace daga taswira idan ya shiga hamada, saboda na'urorin da ke kama siginarsa daga ƙasa ba su da yawa a can. Ka gaya wa mutanen gida tun da wuri, kada hankalinsu ya tashi.

A kula da agogo kuma. Saudiyya ta riga Najeriya da Nijar da awa 2, kuma lokacin sauka da ke kan tikiti na ƙasar da za a sauka ne. Mutane da yawa nan suke ruɗewa, su ɗauka tafiyar ta fi yadda take tsawo.

Masu bi ta Alƙahira ko Addis Ababa don neman sauƙin kuɗi, nisan ba shi ne abin dubawa ba. Ta Alƙahira kilomita wajen 4,300 ne gaba ɗaya, amma jiran jirgi na biyu shi ke cinye yini. Ga tsoho mai ciwon ƙafa, ni dai na fi son a ƙara kuɗi a tafi kai tsaye.

A cikin gida ba na wahalar da kaina. Kano zuwa Abuja bai cika awa guda ba, Legas kamar awa ɗaya da rabi. Sai dai a lokacin hunturu, idan hazo ya rufe Kano, kafin in bar gida nakan duba ko jirgin da zai ɗauke mu ya ma taso daga Legas.