Gyaran Kusar Bamba da ta Karye a Tsohuwar Mota: Walda, Huda, Gam ko Canji

Duk mai riƙe da tsohuwar mota irin su Mercedes W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, ko Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, ya san cewa kusoshin da ke riƙe bamba daga ciki su ne suka fi shan tsatsa, domin nan ne ruwa da laka suke taruwa. Yawanci kusar tana tsinkewa ne a lokacin da bakanike ya sa sufana ya matsa wa notin da ya daɗe da kamewa. Kafin a kashe ko sisi, sai a duba abu biyu: shin kusar ce ke ɗaukar nauyin bambar ko kuwa roba da ƙarfen ado kawai take riƙewa, sannan shin ƙyallin fuskar bambar yana nan da kyaunsa.

Walda ita ce gyara mafi ƙarfi, amma ita ce kuma mafi haɗari ga kyan bambar. Ruwan kurom, wato abin da ke sa bamba ƙyalli, wanda ake shafa wa ƙarfe a kan nikel, siriri ne ƙwarai, kuma zafin da aka yi ta bayan bambar yana ratsowa gaba ya bar tabo mai launin shuɗi ko ruwan toka, wani lokaci ma ya kumbura ya fara ɓarewa, abin da goge ba ya gyarawa. Saboda haka a guji waldar gas, wadda take baza zafi ko'ina, a nemi mai waldar argon ko da kuɗinsa ya fi. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a fara walda sabuwar kusa a kan ɗan faifan ƙarfe can gefe, a bar shi ya huce, sannan a manna faifan a bayan bambar da ɗigon walda kaɗan-kaɗan, ana dafa jiƙaƙƙen tsumma a gaba tsakanin ɗigo da ɗigo. A kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari, kuma a yi aikin a sarari, domin hayaƙin kurom da na kusar da aka shafa wa zinki yana cutar da huhu. Idan bambar ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce, kamar yadda Peugeot ta saba yi, akwai sauƙi, tunda tabon zafi yana fita da goge, sai dai dole a yi amfani da sandar walda irin ta wannan ƙarfen.

Hanya ta biyu ita ce a huda bambar a zura kusa mai kai kamar kumbo, mai ƙyalli, wadda wuyanta yake da kusurwa huɗu don kada ta juya. Motoci da dama, ciki har da Volkswagen Beetle, da irin wannan kusar suka fito daga kamfani, don haka ba ta zama baƙuwa a ido ba. Tana da arha da ƙarfi, ba ta buƙatar zafin walda, kuma a ganina ita ta fi dacewa da motar da ake hawa kullum. Illarta ita ce huda ba ta komawa, kuma mai son mota ta zauna yadda ta fito zai ga ƙari nan take. A shafa fenti a bakin ramin, in ba haka ba tsatsa za ta shiga ƙarƙashin kurom ta nan.

Gam mai haɗi biyu, wato wanda ake cakuɗa kashi biyu kafin a shafa, yana riƙe ƙarfen ado, amma bai kamata a ɗora masa nauyin bamba a kan hanya mai gargada ba.

Canjin bambar gaba ɗaya kuwa sai idan ƙarfen da ke kewaye da kusar ya rube har yana lotsawa da yatsa. A kasuwanni irin su Panteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano, mai saye ya juya bambar ya duba bayanta kafin gabanta, ya gwada noti a kan kowace kusa, ya kuma auna tazarar da ke tsakaninsu da ta motarsa. Ga kusar da ke ɗaukar nauyi, a nemi mai lamba 8.8 a kanta, wato alamar ƙarfinta, mai kauri daidai da ta asali, a shafa mata giris kafin a ɗaure.