RRR: fim ɗin da kwafin waya yake tauye wa haƙƙi

Wanda duk ya kalli RRR a ɗan ƙaramin kwafin nan da ake turawa a shagunan caji, wanda aka ɗora wa fassarar Hausa, labarin ya ji, amma har yanzu da sauransa a wajen kallo. Ni ta hanya biyu na kalle shi. Na farko a waya da fassara, na biyu a talabijin ta Netflix, inda aka saka shi da harshen Hindi, fassarar Turanci tana bi a rubuce a ƙasa. Ratar da na gani tsakanin kallon biyu ce ta sa na ga ya kamata in faɗa wa masu son fina-finan Indiya inda ya fi dacewa su kashe kuɗinsu da sa'o'insu uku.

A wajenmu duk fim ɗin da aka yi rawa da waƙa Indiya ne kawai, ba ma tambayar daga wane yanki ya fito. RRR ba na Mumbai ba ne. Na kudu ne, daga masana'antar Hyderabad mai yin fim da harshen Telugu, harshen jihohin Andhra Pradesh da Telangana. Daraktan shi ne S.S. Rajamouli, wanda ya yi Baahubali kashi biyu a 2015 da 2017. Mahaifinsa Vijayendra Prasad ne ya tsara labarin, ɗan'uwansa M.M. Keeravani ya yi kiɗan. An fara ɗauka a watan Nuwamba na 2018, korona ta tsayar da aiki, ba a gama ba sai Agustan 2021, aka sake shi ranar 25 ga Maris 2022. An kashe masa wajen rupi biliyan 5.5, kuma wallahi kuɗin suna nan a kan allo, ana ganinsu. Jaruman biyu kuwa 'ya'yan manyan gidaje ne a can: Ram Charan ɗan Chiranjeevi ne, N.T. Rama Rao ƙarami kuma jikan N.T. Rama Rao ne, jarumin da ya zama babban ministan Andhra Pradesh.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. A shekarar 1920, matar gwamnan Turawa ta ga wata yarinya 'yar ƙabilar Gond mai suna Malli tana yi mata lalle tana waƙa, ta yi sha'awarta, aka jefa wa uwar yarinyar kwabbai aka tafi da ita Delhi. Bheem, mai tsaron ƙabilar, ya biyo sawu, ya ɓoye kansa a gidan wasu Musulmi da sunan Akhtar, yana gyaran babur. Ram kuma ɗan sanda ne a ƙarƙashin Turawa, shi aka ɗora wa alhakin kamo shi. Suka zama aminai ba tare da kowa ya san ko wane ne ɗan'uwansa ba.

Wannan kowane mai fassara zai iya ba ka shi, kuma wanda ya yi kwafin da na saya ya ba da shi sarai. Ba zan ci haƙƙinsa ba. Mahaifiyata ba ta karanta Turanci, amma ta bi labarin daga farko har ƙarshe ba ta tambayi kowa komai ba. A wurin da gwamna yake hana sojansa ya harbi uwar Malli, yana cewa harsashin daga Ingila aka ƙera shi aka tsallako teku da shi, ya fi ranta tsada, fassarar ta fito da raini da ƙasƙancin maganar yadda ya kamata. Umma ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Kai, ɗan nan, mayar min baya in ƙara ji." Rubutun Turanci ba zai taɓa yi mata haka ba. Ga arha, ga shi ba ka buƙatar data. Wannan aiki ne mai amfani, kuma da ba don irinsa ba da mutane da yawa ba za su san abin da ake faɗa a finafinan da suka shekara suna kallo ba.

Matsalar ita ce Rajamouli ba da baki yake ba da labari ba. Ɗauki fitowar Ram ta farko. Ofishin 'yan sanda ne a bayan garin Delhi, an kewaye shi da waya, dubban mutane sun yi masa zobe suna zanga-zanga. Wani ya yi jifa, dutse ya fasa hoton Sarkin Ingila, Bature ya ce a kamo shi. Ram ya tsallake wayar shi kaɗai da kulki a hannu. Daga nan kusan babu magana. Kyamara tana hawa sama ka ga mutum ɗaya kamar ɗigo a cikin taro, sai ta sauko ta shige ƙarƙashin jikkunan da suka danne shi, har kai mai kallo ka ji numfashi yana yi maka wuya. Kana jin ƙarar kulki a kan ƙashi, kana jin ihun jama'a yana dusashewa idan sun rufe shi, yana dawowa idan ya ɓullo. Da ya jawo mutumin ya kawo, sai ya wanke fuska da ruwan bokiti ya koma ya tsaya a layinsa. Ba a faɗa maka komai game da shi ba, amma ka riga ka san mutum ne da ya kashe wani abu a zuciyarsa saboda wata manufa.

A kwafin waya wannan fitowa ta mutu. Duk sanda mai fassara zai yi magana sai a danne sautin asali, idan ya yi shiru a sake shi, don haka ihun taron yana zuwa yana ɗaukewa kamar tashar rediyon da ba ta kama sosai ba. Kuma ba ya yin shirun. Inda darakta ya bar wuri babu magana, sai a cike shi da kirari da barkwanci da bayanin abin da idonka yake gani. An kuma matse hoton don ya shiga memori, har taron mutanen ya zama wani dunƙulen launi, ga sunan kamfani da lambar waya suna yawo a kan allo.

Abin ya fi ciwo a fitowar gada. Jirgin ƙasa mai ɗauke da mai ya kama da wuta a kan gada, tarago ya faɗa kogi, wani yaro mai kamun kifi ya maƙale a tsakiyar wuta. Ram yana kan gadar, Bheem yana ƙasa a bakin ruwa, ba su taɓa ganin juna ba. Da hannu kawai suka yi magana daga nesa. Ɗaya ya hau doki, ɗaya ya hau babur, suka ɗaura igiya ɗaya a ƙugu, kowa ya faɗa ta gefensa na gadar, nauyin wannan yana riƙe wancan. Ram ya tsoma tuta a ruwa ya jefa wa Bheem ya lulluɓa kafin ya ratsa wutar. Dukan abotar da za a gina sauran fim ɗin a kanta tana cikin wannan: mutum biyu da suka fahimci juna ba tare da kalma ko ɗaya ba. Sai a lokacin, bayan kusan minti 40, sunan fim ɗin ya fito. A fassarar kuwa an saka musu hira a baki, wannan yana kiran wancan, suna tsara yadda za su yi. Wanda ya kalli haka ba zai gane me ya sa mutane a sinimomin duniya suke tashi tsaye suna tafi a wannan wuri ba.

Sannan inda aka fi buƙatar fassara, nan ne aka rasa ta. Bayan Ram ya kama Bheem, an ɗaure shi a bainar jama'a ana yi masa bulala don ya durƙusa, matar gwamna ta jefo wata bulala mai ƙayoyin ƙarfe. Bheem ya ƙi durƙusawa, ya kama waƙa. A cikinta kansa yake yi wa magana, yana cewa idan ya sunkuya wa zalunci to shi ba ɗan dajin da ya haife shi ba ne. Waƙar ce ta tayar da jama'ar da suka zo kallo suka afka wa sojoji da hannu, kuma ita ce ta juya tunanin Ram, wanda ashe a ɓoye tawaye yake shirya wa Turawa, kuma duk rayuwarsa ya ɗauka sai da bindiga ake yin tawaye. A kwafina an gutsure waƙar, abin da ya rage kuma ba a fassara ko baiti ɗaya ba. Umma ta yi kuka saboda jinin da ta gani, amma sai da na bayyana mata daga baya kafin ta san dalilin da ya sa taron ya harzuƙa. Ina roƙon masu wannan sana'a, don Allah, ku rage surutu a wurin faɗa ku kashe ƙarfin a kan waƙoƙi. A fim ɗin Indiya sau da yawa zuciyar labarin a cikin waƙa take.

Waƙar rawar nan ta Naatu Naatu kowa ya san ta, ba sai na daɗe ba. A gaban fadar Mariinsky da ke Kyiv aka ɗauke ta a Agustan 2021, watanni kaɗan kafin Rasha ta shiga Yukiren, kuma ta ci Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, a watan Maris na 2023, karo na farko da waƙar wani fim na Indiya ta ci wannan kyauta. Abin lura a babban allo shi ne ba a yawan yanka hoton. Ana barin jaruman biyu daga kai har ƙafa a cikin hoto ɗaya, ka ga ƙafafunsu suna sauka tare, ƙura tana tashi. Ba dabarar tacewa ba ce, gumi ne.

Duk da haka kallo mai kyau yana tona aibi kamar yadda yake nuna kyau. Dabbobin fim ɗin duka da kwamfuta aka yi su, an ma rubuta haka tun a farko, kuma a fitowar da Bheem ya fasa ƙofar gidan gwamna da mota cike da namun daji, wasunsu ba su da nauyi, kamar ba sa taka ƙasa. Turawan kuma, in ka cire Jenny, Baturiyar da take tausaya wa Bheem, ba mutane ba ne, mugunta ce kawai aka saka wa kaya. An ɗauko Alia Bhatt, babbar jaruma, a matsayin budurwar Ram, aka bar ta tana jiransa a ƙauye da rabin abin wuya a hannu. Bayan hutun rabin lokaci fim ɗin ya ɗan yi sanyi kafin ya sake ɗaukar wuta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda aka yi da tarihi. Jaruman biyu sunayen mutanen gaske suke ɗauke da su. Alluri Sitarama Raju, wanda Ram yake ɗauke da sunansa, ya jagoranci tawayen yankin Rampa daga 1922, yana kai hari ofisoshin 'yan sanda yana kwashe bindigogi, saboda dokar daji ta Madras ta 1882 ta hana mutanen tsaunuka noman da suka gada. Turawa suka kashe shi a 1924. Bai taɓa zama ɗan sandansu ba. Komaram Bheem kuwa da gwamnatin Nizam, wato sarkin Hyderabad, ya yi faɗa a kan ƙasar mutanensa, 'yan sandan Nizam suka kashe shi a Jodeghat a 1940, kuma yau akwai gunduma a Telangana mai ɗauke da sunansa. Ba su taɓa haɗuwa ba, fim ɗin ma ya faɗa cewa ƙirƙira ce, kuma ban ga laifin wannan ba. Laifin da na gani shi ne rabon girma. An mayar da Bheem mai ƙarfi da tsarkin zuciya amma marar wayo, har a ƙarshe yana roƙon Ram ya ba shi ilimi, sannan Ram ne ya rubuta masa taken nan na ruwa da daji da ƙasa a kan tuta, alhali taken na Bheem ne, kuma Bheem na gaske ya iya karatu da rubutu. Ram kuma aka sanya masa tufafi ruwan goro, aka ba shi kwari da baka daga wurin bauta, ya koma siffar Rama na addinin Hindu. Ɗan ƙabilar daji ya zama mai yi wa ɗan babban gida hidima a labarin da aka fara da 'yarsu. A waƙar rufewa an jero hotunan gwarzayen neman 'yanci irin su Subhas Chandra Bose da Bhagat Singh da Sardar Patel, babu Gandhi, babu Nehru, babu Ambedkar. Masu sharhi a Indiya sun yi ta muhawara a kan wannan, kuma ina tare da waɗanda abin ya dame su. Mai fassara bai taɓo ko ɗaya daga ciki ba, don haka yaranmu da yawa suna ɗaukar abin da suka gani a matsayin yadda aka yi.

Ga wanda zai nemi kwafi mai kyau, ya sani cewa wanda na kalla na Hindi ne, shi ma fassara ce daga Telugu, har waƙar rawar ta koma Naacho Naacho, kuma wani lokaci leɓe ba ya dacewa da magana. Sauƙin abin shi ne jaruman biyu da kansu suka ɗora muryoyinsu, kuma ba a taɓa kiɗa da sauran sauti ba. Fim ɗin ya haura sa'a uku, yana cin data sosai, gara a sauke shi da dare lokacin da ta fi arha, a kuma tabbatar akwai wuta ko caji da zai kai. In babu talabijin mai sifika mai kyau, abin saƙalawa a kunne ya fi sifikar waya nesa ba kusa ba. Akwai jini da yawa, akwai wurin da aka harbe ƙaramin yaro a gaban yayansa, don haka a tura ƙanana su kwanta tukuna. Wanda Turanci ko Hindi yake ba shi wahala ya fara da fassarar Hausa ya riƙe labarin, sannan ya dawo ya kalli ɗayan ba tare da ya damu da rubutun ƙasa ba. Haka na yi wa Umma, kuma a karo na biyu ba ta nemi in fassara mata komai ba sai waƙar bulala.