Wata bakwai bayan an ɗame mini fatar fuska ba tare da wuƙa ba

Shekarata 48. Bayan na rage ƙiba sai fatar muƙamuƙina ta saki, kuncina ya ɗan sauko, layin da ke gangarowa daga gefen hanci zuwa baki ya ƙara zurfi. Abin ya tsaya mini a rai sosai. Tiyatar ɗage fuska kuwa tsoronta nake ji: yanka a gaban kunne, allurar barci, sannan mako biyu ko fiye ana fama da kumburi. Shi ya sa na karkata ga leza, wato na'urar haske mai ƙarfi, da na'urar igiyar rediyo, waɗanda ake tallatawa a matsayin madadin tiyata. Na gwada duka biyun.

Da leza na fara, kuma ban ji da daɗi ba. Inda na je babu wanda ya tsaya duba launin fatata. Allah ya taimake ni na nace a fara gwadawa a ɗan wuri ƙasan kunne. Kwana goma bayan nan wurin ya yi baƙi ƙirin kamar tabon ƙuna, sai da ya ɗauki kusan wata huɗu kafin ya washe. Har yau in na tuna da a ce fuskar gaba ɗaya aka bi, gabana faɗuwa yake.

Likitar fata da na gani daga baya ita ta buɗe mini ido. Leza haske ce, kuma sinadarin da ke ba fata duhu yana zuƙar haske, don haka baƙar fata ta fi saurin ƙonewa da barin tabo. Ta nuna mini ma'aunin da likita Thomas Fitzpatrick na Amurka ya ƙirƙiro a 1975, wanda a yau yake raba fata gida shida daga mafi haske zuwa mafi duhu, ta ce ni ina gida na biyar. Lezar CO2 mai kankare saman fata tana da haɗari ga irinmu. Wata lezar da ake kira Nd:YAG ta fi sauƙi, domin tana wuce sama ta shiga ciki. Amma don ɗame fata, ta ce gara igiyar rediyo, tunda ita wutar lantarki ce ke ɗumama can ƙasan fata, ba ruwanta da launi. Tun 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan na'ura da sunan Thermage, saboda haka ba sabon abu ba ne.

Ranar aikin igiyar rediyon an tambaye ni ko ina da juna biyu, ko akwai na'urar daidaita bugun zuciya ko wani ƙarfe a jikina. Na cire 'yan kunne, aka manna mini wani faifai a baya, aka buga zanen ƙananan akwatuna a fuskata don kada a tsallake wuri. Duk ɗorawa ɗaya sai in ji sanyi, sai zafi ya taso daga ciki, sai sanyi kuma. A kan kunci da sauƙi. A kan ƙashin muƙamuƙi kuwa sai da na damƙe gefen gado, hawaye ya zubo. Na faɗa, likitar ta rage ƙarfin. Wannan ya kwantar mini da hankali, don zafin da ya wuce kima yana iya ƙona fata ko ya narkar da kitsen fuska ya bar rami. Awa ɗaya da 'yan mintoci muka gama, washegari na koma aiki da ɗan kumburin da ni kaɗai nake gani.

Wata na farko ban ga komai ba, har na fara cizon yatsa. Ashe zafin tsokano jiki yake ya saƙa sabon kolajin, wato zaren da ke riƙe fata, kuma wannan saƙa tana cin wata biyu zuwa shida. A wata na huɗu ƙanwata ta ƙura mini ido ta ce, "Yaya, me kika canza ne? Fuskarki ta yi fayau." Da na jera hoton farko da na yanzu, gefen muƙamuƙin ya fito, kuncin ya ɗan koma mazauninsa, fatar ta yi sumul.

Sai dai wuyana yana nan yadda yake, layin gefen bakin ma bai tafi ba, ya dai rage zurfi. Likitar ba ta ɓoye mini ba tun farko. "Hajiya, na'ura ba ta yanke rarar fata," in ji ta. Tiyata ce ke ɗaga naman da ke ƙarƙashi ta cire abin da ya yi yawa, kuma takan kai shekara goma. Aikin na'urar kuwa shekara ɗaya zuwa biyu ne, sai a maimaita. Shi ya sa kalmar madadin tiyata take ba ni haushi a tallace-tallace. Mai sakin fata kaɗan irina za ta ga amfani. Wadda fatarta ta zubo sosai kuɗinta kawai za ta zubar, kuma haƙƙin mai yi ne ya gaya mata gaskiya kafin ta kwanta a gadon.

Ni dai na gamsu da abin da na samu. Kullum da safe ina shafa man kare fata daga rana, kuma na sa ranar komawa baɗi. Wuyan kuwa na bar shi a haka.